Ba a Sayo wa Don Liborio Ashana Ba

"Lafiya lau, Tata. Kai fa? Na ga har yanzu ba ka mutu ba."

"In mutu in bar ki wa ya kwasa? Sauko daga wannan gwangwanin kafin ya ƙarasa ruɓewa a ƙofar gidana."

Ƙarshen watan Agusta ne, lokacin da sanyi ke naɗe tabarmarsa a ƙasarmu ta La Pampa, sama kuwa ta daɗe ba ta zubo ko ɗigo ba. Don Liborio na zaune a bakin ƙofar kicin, hularsa ta rufe girarsa. Jikarsa Yanina, wadda ke kiransa Tata, mai gasa burodi a garin Victorica, ta tsayar da tsohuwar akori-kurarta a inuwar itacen kalden.

Bayan gidan akwai rijiya da famfon iska mai jawo ruwa. Bayan rijiyar kuma akwai tudun yashi, wanda a da tafiya yake yi, kowace shekara ya ɗan matso kamar baƙon da ke jin kunyar shigowa. Nelida, 'yar Don Liborio kuma mahaifiyar Yanina, ta riga ta yanke magana: ranar da yashi ya taɓa bakin rijiya, tsohon zai tattara ya koma gari, ɗakin bayan gidanta. Shi ya sa bara kaka da jika suka shuke tudun da burburwar nan mai jure fari da muke kira mai-kuka, saboda yadda dogon ganyenta ke sunkuyar da kai ƙasa. Ta kama, tudun ya tsaya cak. Yanzu sanyi ya busar da ita, ta yi fari fat.

"Gwangwanin nan ne ke kawo maka abinci," in ji Yanina, "ka yi masa ladabi."

"Tun daga kwanar hanya nake jin tarinsa. Na ɗauka wani tsoho ne ya zo mutuwa a gonata."

"Tsoho ɗaya ya ishi gonar nan."

"Kawo kumatun in sumbata, Siririya. Kai! Kullum ƙara faɗi suke yi. Burodin mutane kike sayarwa ko cinyewa kike yi?"

Tun tana 'yar tsinke yake kiranta Siririya, kuma bai ga dalilin sauya suna don jiki ya sauya ba. Ta dire kwali a gabansa. Ya zura hannu yana lalube, don idonsa ya daɗe da fara yi masa rowa. Ya taɓa ganyen mate, wato shayin ƙasarmu, ya taɓa sukari da fulawa, ya shinshina taba, ya girgiza batiran rediyo. Ya sake lalubawa har gindin kwalin.

"Ina ashana?"

"Wace ashana?"

"Wadda na aiki maƙwabci ya faɗa miki. Na ce masa ko ya manta da sunana, kada ya manta da ashana."

"Ta ƙare a gari."

"A garin gaba ɗaya?"

"Kaf. Limamin coci ma yanzu da addu'a yake kunna kyandir."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya."

"Ai a lambunka na tsinko furen. Wa ya ce min ya taɓa kama jimina da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da ƙoƙon mate, ko ɗigo bai zube ba?"

"Ya zube kaɗan. Ban taɓa ɓoye wa kowa ba."

Yanina ta zauna a kan kututture, ta naɗe hannu a ƙirji.

"Tata, ba yau aka haife ni ba. Agusta muke. In ka nemi ashana a Agusta, ba taba za ka kunna ba. Tudu za ka hau."

"To in na hau fa? Tudunki ne?"

"Rabi nawa ne. Bayana bai manta ba."

"Tun kafin a haifi uwarki nake sa wa mai-kuka wuta a ƙarshen sanyi. A ƙone tsohon ganye, hadarin Santa Rosa na ƙarshen Agusta ya zo ya zuba a kan toka, kafin ki juya ta yi kore shar. Haka ubana ya yi, haka kowa ke yi daga nan har inda ƙasa ta ƙare. Ciyawa ce mai son wuta."

"Wancan tsohon filin bakin hanya ne, wanda ya girme ni. Saiwarsa ta kai inda kakanninka ke kwance. Ta tudu ko shekara ba ta cika ba. Jaririya ce."

"Jariri ma ana yi masa aski."

"Da wuta?"

"Ke da wuta aka yi miki. Shi ya sa gashinki ya fito haka."

"Ni dai ya fito. Ɗaga hular nan mu ga naka."

Ya danne hular da tafin hannu, kamar iska ce ta yi barazanar ɗauke ta.

"Abin da babba ya hango," in ji shi, "yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Babban da ya gaida sandar shinge makon jiya, har ya tambaye ta lafiyar iyali?"

"Ta fi wasu jikoki ladabi. Ba ta mayar min da magana ba."

"Shi hadarin Santa Rosan da kake jira, bara ya zo?"

"Ya yi latti."

"Bara waccan fa?"

"Ya ɓata hanya, ya sauka a gonar wani."

"An ce kada ganin hadari ya sa ka yi wanka da kashi. Kai ko hadarin ma ba ka gani ba. Ka ƙone ciyawa, ruwa ya ƙi zuwa, iskar arewa ta taso ta tarar da tudu tsirara. Wa zai riƙe yashin? Gemunka?"

"Gwiwata ta ce ruwa na nan tafe."

"Gwiwarka tun watan Mayu take alkawarin ruwa. Da a gidan rediyo take aiki da tuni an kore ta."

Tsohon ya tura hular baya, ya sauya hanya kamar dila.

"To shanuna fa? Je ki duba su. Haƙarƙarinsu ya fito har za ki iya kaɗa su kamar jita. Busasshiyar mai-kuka waya ce, ba ta taunuwa. Ɗanyen toho suke so."

"Na san za ka fake da shanu. Leƙa bayan mota. Buhunan busasshen burodi ne na kwaso musu, za su riƙe su har ruwa ya sauka."

"Wato zunubanki kika kwaso wa shanuna."

"Burodi ne da ya kwana."

"Burodi ne da ya ƙone. Tun daga nan nake jin ƙaurinsa. Ikon Allah! Wadda ke ƙona abincin gari kowace asuba ita ce za ta hana ni ƙona ciyawa sau ɗaya a shekara."

"Ni in na ƙona, gobe in kwaɓa wani. Kai in ka ƙona, sai ɗakin bayan gidan Mama. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Kai ina ka ji ana sayen toka?"

Ya miƙe da ƙyar, ya shiga kicin, ta bi shi da kwalin. A murhu garwashin kalden na kwance a ƙarƙashin toka, ja kamar idon zakara, butar ƙarfe na zaune a gefe tana gunaguni. Don Liborio ya cika ƙoƙo da ganye, ya soka bututun azurfa, ya zuba ruwa, ya sha na fari mai ɗaci kamar yadda mai gida ke yi, sannan ya sake cikawa ya miƙa mata.

"Sha. Ko maƙiyi ba a hana shi mate."

"Ruwan ya yi sanyi."

"Daidai da zuwanki ne."

Ta zuƙe har bututun ya yi ƙara, ta mayar masa. Ya nuna murhu da leɓe.

"Ki riƙe ashanarki, ki yi sakace da ita. Rabona da ashana tun sabon wata, kin ga na mutu da sanyi? Garwashin kalden ba ya barci. Shebur ɗaya zan ɗiba in hau da shi tudu."

Yanina ta dubi murhun, ta dubi tsohon. Ta ɗauki butar ta juye a kan garwashin. Tururi da toka suka tashi har rufi. Ta fita ta dawo da bokiti, ta ƙara. Kicin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa yana tsiyaya ta ƙarƙashin murhu.

"Hannuna ne ya zame," in ji ta.

"Ya zame, ya fita waje, ya ɗebo bokiti, ya dawo ya sake zamewa?"

"Gadon gida ne. Kai ma bakinka haka yake zamewa."

"Wutar nan kakarki ma ba ta taɓa yi mata haka ba, ita da ta taɓa jifana da tukunya."

"Ta same ka?"

"Ta sami kare."

"Allah ya ji ƙanta, hannunta ne bai da saiti. Niyyarta mai kyau ce."

Don Liborio ya share toka daga gashin bakinsa a hankali. Ya zura yatsu cikin faffaɗan ɗamararsa ta fata, ya zaro wani abu da Yanina ba ta taɓa gani ba: ɗan guntun ƙahon sa mai murfi, da ƙarfe da ƙanƙarar dutse a ɗaure da tsirkiya. Ƙyastu ne irin na mutanen da, cikin ƙahon cike da ƙonannen tsumma mai kama wuta.

"Kafin a haifi ashana," in ji shi, "mutane ba ɗanyen nama suke ci ba."

Ya ɗauki sandarsa ya fita, ya nufi bayan gida. Ta tsaya baki buɗe, sannan ta bi shi da gudu.

"Tata! Tsaya mana!"

"Tsohon da ya kusa mutuwa kike kasa kamowa?"

"Ka manta wahalar da muka sha a kan tudun nan?"

"Ni na sha wahala. Ke surutu kika sha. Wa ya buɗe ƙullin iri ya ce an cuce ni, an sayar min da ƙura?"

"Ai kamar ƙurar yake. Ka yi atishawa sau ɗaya, rabin gona ya tafi ƙasar Chile."

"Wa ya ce a haƙa rami a binne shi kamar masara? Da na biye miki da har yau yana can ƙasa yana neman hanya. Iri ne da ba ya son kabari. A gauraya shi da busasshen yashi, a watsa, a danne, shi ke nan."

"Wa ya kora tumaki suka tattake shi? Sama da ƙasa, sama da ƙasa, har rana ta faɗi, kai kana zaune a inuwa kana ba da umarni kamar janar."

"Tumakin sun fi ki fahimtar aikin."

"Wa ya hana shanunka hawa duk bazara, don kada su tumɓuke ta tun saiwa ba ta kama ba? Wa ya ja waya?"

"Wayar da kika ja, zomo ma dariya yake yi mata."

"Amma ta tsare."

"Shanuna ne masu kunya."

Suka wuce rijiya. Famfon iska na juyawa yana kuka a hankali, alamar iskar arewa ta fara motsi. Daga nan ƙasa ta fara tashi, ƙafa na nutsewa. Mai-kuka ta rufe tudun tun daga gindi har ƙeya, dunƙule-dunƙule, kowace ta saki dogon gashinta ya zubo ya taɓa yashi. In iska ta bi ta kai sai tudun duka ya yi rawa kamar bayan doki mai furfura, da wani sauti siriri kamar ana shara a nesa. Ko'ina busasshe ne. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Don Liborio ya jiƙa yatsa ya ɗaga, ya ji inda iska ta fito. Ya durƙusa a gefen arewa, ya buɗe ƙahon, ya buga ƙarfe a dutse. Bugu na fari bai ba da komai ba. Ya sake. Wani ɗan jan ido ya buɗe a cikin tsumman, siririn hayaƙi ya miƙe.

Yanina ta tsallake shi ta shiga tsakiyar ciyawar, ta zauna daram a gabansa.

"To bismilla. Ka haɗa da ni."

"Tashi, Siririya."

"Ba inda za ni."

"Da wannan kitsen naki, wutar sai ta kwana tana ci. Har Victorica za a hango."

"Sai a ce ga tsohon da ya gasa jikarsa. Ka ga ka yi suna."

"Ba mai cin ki. Kin yi ɗaci."

Ya faɗa, amma babu dariya a muryar. Yanina ta lura, ta sassauta.

"Tata, ba shanu ba ne. Faɗa min gaskiya."

Ya dubi hayaƙin.

"Uwarki za ta zo Lahadi ta sama."

"Na sani."

"Za ta tsaya a bakin rijiya, ta sa hannu a goshi, ta dubi tudu. Me za ta gani? Abin da nake gani. Fari. Kullum da safe sai na hau nan, in shafa, in ji ƙaras-ƙaras kamar tsohuwar tsintsiya. Tsohon fili na san shi, ko ya bushe na san yana numfashi. Wannan ban san ta ba. Yarinya ce, a kan yashi tsantsa, ga sanyin bana, ga ba ruwa. In ta mutu, gara in sani. In tana da rai, wuta za ta tashe ta, uwarki ta zo ta ga kore."

"In kuma wutar ce ta kashe ta?"

"Na kwana a ɗakin nan na bayan gidan uwarki lokacin da aka duba min ido. Tagarsa bangon maƙwabci take kallo. Mutum ya tashi da safe bai san daga ina iska ke busowa ba. Kamar an sa ka a aljihu."

Iska ta ɗan ƙaru. Jan idon cikin ƙahon ya ƙara buɗewa.

"Kawo hannunka," in ji Yanina. "Ba wannan ba, wanda ba wuta."

"Me za ki yi da shi? Ba zobe a jiki."

"Wa zai saci hannun da ya yi kama da saiwar kalden? Kawo."

Ta kama yatsansa manuni. Da ɗaya hannun ta ɗaga busasshen gashin wata dunƙule, kamar mai ɗaga labule a ɗakin mai barci, ta kai yatsan ƙasa. Yashin wurin da sanyi-sanyi, ba kamar na fili ba. Ta goga masa yatsan a hankali a kan wani abu.

"Me ka ji?"

"Yashi."

"Sake ji. Kada ka danna, kai ba tunkiya ba ne."

Girarsa ta haɗu.

"Gashi ne. Naki ne ya zube."

"Gashina ba kore ba ne. 'Ya'yanta ne, Tata. Irin da ta zubar a watan Maris, ɗan yayyafin nan na ƙarshe ya tsirar da su. Sirara ne kamar zare, ni ma sai na kwanta da ciki nake ganinsu. Busasshen ganyen nan da kake son ƙonawa shi ne bargonsu. Shi ya tare musu jaura duk sanyin nan, shi ke tare musu iska. Yanzu kawo yatsan nan, cikin tushen uwar. Tura can ciki."

"Da laushi."

"Toho ne. Tana nan da ranta, ba ta ga dalilin yi maka shela ba ne kawai. Uwar wataƙila ta tsira daga wutarka, wataƙila. 'Ya'yan kuwa ko ƙaurinsu ba za ka ji ba. Su ne za su cike tsakanin dunƙulen nan, inda yashi ke samun hanya."

Don Liborio ya zare hannunsa daga nata. Ya ja gwiwa zuwa dunƙule ta gaba, ya ɗaga gashinta da kansa, ya laluba. Ya matsa ta gaba. Ya sake matsawa, yana riƙe da ƙahon sama nesa da ciyawa, kamar mai ratsa rafi da kaya a ka. Tsoho mai fiye da shekara tamanin yana rarrafe a kan tudu, leɓunansa na motsi.

"Nan ma akwai," in ji shi. "Nan ma. Kai, wannan ta fi kowa zuri'a. Ko kunya ba ta ji."

"Ka ga abin da za ka gasa."

"Wato tsohuwar ta bushe, amma ta ƙi faɗuwa saboda ƙanana."

"Kamar wani da na sani. Sai dai ita ba ta cika mutane da surutu."

"Ɗan hakin da ka raina," in ji shi, ya bar maganar a nan. Ya zauna a kan dugadugansa yana haki. "Uwarki fa? Ba za ta durƙusa ta laluba ba. Da takalmi mai tsini take zuwa gona."

"Ni zan durƙusar da ita. Ta ce ranar da yashi ya taɓa rijiya. Ba ta ce ranar da ciyawa ta yi fari ba. Ya taɓa?"

"Ko taku bai yi ba tun bara."

"To ina nan ranar Lahadin. Zan kama yatsanta kamar yadda na kama naka."

"Za ta ce farcenta zai lalace."

"Sai ya lalace."

"In ta kafe fa? Kin san ta. Kan kakarki ta ɗauko."

"Sai ta ɗauke mu mu biyu ta zuba a ɗakin. Kwana ɗaya za ta yi tana jin mu, da kanta za ta dawo da mu, har da kuɗin mota."

Dariya ta kuɓuce masa, ta zama tari. Ya dubi ƙahon. Ya mayar da murfin ya danne da babban yatsa, ya riƙe har hayaƙin ya ɗauke. Ya buɗe ya shinshina, ya taɓa tsumman ya tabbatar ya mutu. Sannan ya naɗe tsirkiyar a jikin ƙahon, ya miƙa mata.

"Ungo."

"In yi me da shi?"

"Ki dafa ki ci. Na ubana ne. Da shi ya ratsa ƙasar nan a kan doki tun babu shinge. Ranar da kika ga ta isa wuta, ke za ki ƙyasta. Ba ni ba."

"Ba bana ba, ba baɗi ba. Kuma sai bayan ruwa ya jiƙa ƙasa, ba kafin ya zo ba."

"Ji ta, tun ba a je ko'ina ba ta fara mulki. Ko ina nan ko ba na nan, ki fara daga gefen da iska za ta..."

"Kana nan. Ciyawar banza ba ta mutuwa."

"Ɗaga ni, marar kunya. Gwiwata ta ƙi."

"Tana can tana duba hadari."

Ta ɗaga shi, ta kakkaɓe masa yashi daga wando. Suka gangaro a hankali, yana taka tsakanin dunƙulen da hattara kamar mai ratsa ɗakin da jarirai ke kwance, yana yi mata faɗa ta kula da manyan ƙafafunta.

A kicin murhu na nan jiƙe sharkaf, baƙi ƙirin. Don Liborio ya zauna a kujerarsa, ya ɗora hannu bisa sanda.

"To, mai gida sabuwa. Rana ta yi tsaka, ban sha mate na kirki ba, wata ta kashe min wuta, wata ta ƙi sayo ashana, wata ta karɓe min ƙyastu. Duk mutum ɗaya ce. Hura."

Yanina ta kwashe jiƙaƙƙiyar tokar, ta jera ƙirare, ta durƙusa. Ta buɗe ƙahon, ta riƙe dutse, ta kai masa ƙarfe. Babu komai. Ta sake da ƙarfi. Dutsen ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur. Ta rarrafa ta ɗauko, ta cije leɓe, ta kai bugu na gaske, ya sauka a kan babban yatsanta.

"Wayyo! Wannan abin ya lalace!"

"Minti nawa da ya kama a hannun makaho?"

"Ya san ka ne. Tsofaffi ba sa cin amanar juna."

Tsohon ya yi dariya har hular ta faɗo, sanƙon da ya yini yana ɓoyewa ya bayyana, bai ko damu ba. Ya share hawaye da bayan hannu.

"Mai gasa burodin gari guda, ba ta iya haifar wuta ba! Wayyo cikina. Ashe duk shekarun nan aron ta kike yi."

"Ka gama? In ka gama ka zo ka nuna min, yunwa nake ji."

Ya sauko daga kujerar da ƙyar, ya durƙusa kusa da ita a gaban murhu, ya laluba ya kama hannayenta biyu cikin nasa.

"Riƙe dutsen nan, kusa da bakin ƙahon. A'a, ba kamar kina tsoronsa ba. Kuma ba dukansa za ki yi ba, ba saurayinki ba ne. Shafa za ki yi, da sauri, ƙasa. Yauwa. Sake."